Wa Zai Ja Igiyar Kafin a Zura Guga?

A kwarin Dallol Bosso ruwa ba shi da nisa, shi ya sa goruba ta samu wurin zama. Amma da ka hau tudu, a ƙauyukan Kurfai da suka ba kwarin baya, rijiya kan yi zurfin da igiyar mutum ɗaya ba ta isa. Can ake ganin igiyar haɗin gwiwa: wannan ya tufka gaba biyu da kaba, wancan ya kawo guntun ta roba da ya sayo ran Lahadi a kasuwar Filinge, a ƙulla. Ba mai cewa tasa ce, kowa kuma da ita yake shayar da bisashensa.

Sai dai ba a ƙulla sabon guntu a zura guga haka kawai. Akwai dattijon da ake miƙa wa. Ya take baki ɗaya da ƙafa, ya naɗe ɗayan a hannu, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya bi tufkar da babban yatsa yana laluben inda murɗi ya saki. In ta tsinke a hannunsa, kaba aka yi asara. In a rijiya ta tsinke, guga ya tafi, a shiga cigiyar ƙugiya, shanu na tsaye bakin komi. Ranar yasar rijiya kuwa, ɗan mutum ne a rataye.

Wayar Android da ke aljihun makiyayi a kan irin wannan igiya take. Ƙashin bayanta Linux ne, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya bar rubutunta a buɗe, kowa ya karanta, kowa ya kawo gyara. Gyaran nan faci ake ce masa. Duk mako tara ko goma sabon zubi ke fitowa, ɗauke da faci sama da 10,000 daga hannun mutanen da galibinsu ba su taɓa gaisawa ba. DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, ita ma buɗaɗɗiya ce, Jami'ar Oslo ke jan ragamarta.

Faci ba ya shiga sai ya bi ta hannun mai kula da sashen da ya taɓa. Ƙa'idar Linux ita ce faci ɗaya, gyara ɗaya, tare da bayanin abin da ya lalace da dalilin gyara shi ta wannan hanya. Tun 2004 kuma sai mai facin ya sa sunansa a ƙasa, shaidar cewa yana da ikon bayar da shi. Wanda ya jibgo gyara hamsin a dunƙule daidai yake da wanda ya kawo igiya a cukurkuɗe ya ce a gwada masa kafin la'asar. Akan mayar masa, a ce ya rarraba.

A wurin mayarwar nan ake yin ta. Dattijo na iya cewa, "Ɗana, duba nan, kabar ta bushe kafin ka murɗa. Jiƙa ta ka sake." Yana kuma iya wurgo igiyar gaban jama'a ya ce, "Wane sakarai ya yi wanga aiki?" Aibin da ya gani ɗaya ne, kuma duka biyun gaskiya ya faɗa. Amma yaron farko gobe zai dawo da tufka mai kyau, wata rana shi za a miƙa wa ya ja. Na biyun ya tafi kenan. Torvalds ya shekara da shekaru yana irin ta biyun, zagi a rubuce, a inda duniya ke karantawa, har wasu ƙwararru suka tattara nasu suka bar aikin. A Satumbar 2018 ya fito ya ba da haƙuri, ya ja gefe kamar wata guda, aka kafa wa aikin ƙa'idar ladabin mu'amala. Akwai masu cewa lallashi zai sa a riƙa karɓar aikin banza. Ban yarda ba. Ƙin karɓa daban, cin fuska daban, kuma kowane gwanin sana'a a kasuwa ya san haka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tufka sun yi yawa, masu ja ba su da yawa. Rubuta sabon abu da daɗi, sunanka ya fito. Zama karanta rubutun wani layi-layi kuwa ba mai yi maka guɗa. A Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa na jinkiri da kamar rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ga ɓoyayyiyar ƙofa an dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Mai kula da ita mutum ɗaya ne, ɗan sa-kai, ya gaji. Wasu suka yi ta matsa masa da saƙonnin gori, wai yana jan ƙafa, har ya raba ragama da wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya kwashe kusan shekara biyu yana kawo faci masu kyau cikin ladabi. Ashe daɗin baki ma ba shaidar amana ba ne.

Shekara goma kafin nan an ga irinta ba tare da mugun nufi ba. Wani faci ya shiga OpenSSL, manhajar da ke rufa asirin kalmomin sirri a intanet, a ranar ƙarshe ta 2011. Mutum ɗaya ya duba shi, bai ga an manta auna tsawon wani saƙo ba. Sai Afrilun 2014 aka bayyana ramin, wanda aka sa wa suna Heartbleed, bayan ya bar dubban ɗaruruwan shafuka a buɗe. Gudummawar da aikin ke samu a lokacin ba ta wuce kamar dala 2,000 a shekara ba. Sai da aka ji jiki Gidauniyar Linux ta tara Google da Microsoft da Facebook da Amazon suka zuba kuɗi, aka ɗauki mutum biyu aiki na dindindin, aka kuma biya masu bincike su bi rubutun tun daga farko.