Zaɓen Ƙaramar Na'urar Sauraron Waƙa Don Motsa Jiki

Na'urar da aka fi sani da MP3 ƙaramar aba ce da ke adana sauti a cikinta ko a katin memori, ta fitar da shi ta iyafis ba tare da neman sabis ko data ba. Masanan cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ne suka jagoranci ƙirƙirar tsarin matse sautin da take aiki da shi a farkon shekarun 1990. Ta aljihu ta farko, MPMan, ta fito daga Koriya ta Kudu a 1998. Kamfanin Apple ya kawo iPod a 2001, sannan ƙaramar iPod shuffle a 2005, wadda masu gudu suka yi wa rububi. Daga baya wayoyin zamani suka cinye kasuwar, Apple ya daina ƙera shuffle a 2017, ya rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022. Cikin abin da ya rage a shaguna akwai samfuran SanDisk da Sony, da kuma tarin na ƙasar Sin masu araha, waɗanda su ne suka fi yawa a arewacin Najeriya.

Duk da haka na'urar ba ta rasa masu buƙatarta ba. A Kazaure da Babura, inda ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya suke, da kuma Roni da Gwiwa, masu fita motsa jiki bayan sallar asuba iri-iri ne: matasa 'yan ƙwallo, masu shirin shiga aikin ɗamara, da dattawan da likita ya umarta su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma sauti a kunne yana rage gundurar cika wannan lokaci. Waya tana iya wannan aiki, amma tana da nauyi, gilashinta kan fashe idan ta suɓuce, kira kan katse sauraro, ga shi cajin da za a wuni da shi ne ake ƙonawa tun da sassafe a yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Abu na farko da ake dubawa shi ne nauyi da maƙali. Yawancin wayoyin zamani suna kusan giram 200, ƙananan na'urorin motsa jiki kuwa ba sa kai giram 30. Wadda ke da maƙali a bayanta ana soke ta a wuyan riga ko ƙugun wando, ba ta rawa a aljihu yayin gudu. Mace mai tattaki da hijabi za ta iya maƙala ta daga ciki. Maɓallai na zahiri sun fi gilashin shafawa amfani, domin yatsa mai gumi ba ya aiki sosai a kan gilashi, kuma mai gudu yana son ya sauya waƙa ko ya rage murya ba tare da ya tsaya ya duba ba.

Ƙura da gumi su ne manyan abokan gabar na'urar a wannan yanki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ramin caji da na iyafis, har sauti ya fara yankewa ko kunne ɗaya ya ɗauke. A bazara kuwa gumi mai gishiri ne ke cin ƙarafan ciki. Ana gane ƙarfin kariya ta alamar IP da ke jikin kwali, mai lambobi biyu: ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX4 na nufin tana jure fantsamar ruwa kawai, harafin X kuma yana nuna ba a gwada ta da ƙura ba. Kamfanoni sun fi tallata kariyar ruwa, alhali mazaunin Babura, kusa da iyakar Nijar, lambar farko ta fi damunsa. Idan kwali bai ɗauke da wannan alama ba, a ɗauka babu kariya, sai a riƙa goge na'urar da busasshen ƙyalle bayan kowace fita.

Batir shi ne abu na gaba. SanDisk ya ce samfurinsa Clip Jam yana kai awa 18 da caji ɗaya, wanda ya isa mai fita awa guda kullum fiye da mako biyu. Masu araha kan rubuta adadi mai yawa a kwali amma su gaza cika shi. Zafi yana tsufar da batirin lithium da wuri, don haka barin na'ura a rana ko cikin mota a watan Afrilu ɓarna ce. Ya kamata ramin cajinta ya zama irin na wayar da ke gidan, domin caja ta musamman idan ta ɓace, samun wata a kasuwar ƙauye sai an sha wuya.

Wajen ma'aji mutane kan biya kuɗin abin da ba za su yi amfani da shi ba. Sauti mai matsakaicin inganci, wato 128 kbps, yana cin kusan megabayit ɗaya a minti. Gigabayit 8 ke nan yana ɗaukar fiye da awa 130, wanda ya isa cikakken karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin Shata da na Hamisu Breaker, har a samu rara. Abin da ya fi girman ma'aji muhimmanci shi ne ramin memori, tunda a wannan yanki galibi wurin masu tura waƙa a shagunan caji ake samun sauti. Da yawa daga masu araha ba sa karanta katin da ya wuce gigabayit 32. Akwai kuma jabun kati, wanda ke nuna babban adadi amma da an cika shi sai fayiloli su lalace. Gwajinsa shi ne a loda shi sosai, a kunna abin da aka tura na ƙarshe. Mai sauraron dogon karatu ya tabbatar na'urar tana ci gaba daga inda aka tsaya bayan an kashe ta, don wasu farko suke komawa.

Iyafis mai waya ya fi araha, ba ya buƙatar caji, kuma wayarsa ce eriyar rediyon FM a yawancin na'urorin. Na Bluetooth ba ya sarƙewa, amma yana ƙara wani abin cajin, ƙanƙanin kuma kan faɗi a yashi ya ɓace.

Lafiyar kunne da ta rai suna gaba da duk wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na awa 40 a mako a matsayin iyakar da babban mutum zai saurara lafiya, ta kuma ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure yana ɗaukar manyan motoci da 'yan acaɓa tun kafin gari ya waye, kuma wanda ya toshe kunnuwansa biyu ba zai ji hon ba. Mai gudu a bakin titi ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya bar kunne ɗaya a buɗe. Filin makaranta ko na ƙwallo ya fi aminci.

Mafi yawan kayan da ke shagunan yankin daga Kano ake saro su, musamman kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut. Ko a ina aka saya, a kunna ta a gaban mai shago da katin mai saye da iyafis ɗinsa, a murɗa bakin iyafis ɗin a ji ko sauti zai yanke, a danna kowane maɓalli, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa idan batir ya gaza. Ga mai motsa jiki a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa, na'ura mai maƙali da maɓallai da ramin memori da batir mai jurewa ta fi mai babban gilashi da ke nuna bidiyo, ko da kuɗinsu ɗaya.