Ɗan wasan da aka dakatar saboda caca: shin ya cancanci dawowa fili da samun lambar girma?

A gidajen kallon ƙwallo na unguwar Lamashegu da ke Tamale, a arewacin Ghana, matasa da dama suna kallon wasa ne da ido ɗaya a kan talabijin, ɗayan kuma a kan wayar da suka sa kuɗin caca. Duk ranar da wasa ya ƙare da sakamako mai ɗaure kai, akan ji wani ya ce an sayar da wasan. Daga nan sai musu ya tashi: idan an kama ɗan wasa da hannu a caca, a kore shi har abada ne, ko kuwa a bar masa ƙofar dawowa? Idan ya dawo, sunansa zai iya shiga sahun gwanayen da ake karramawa?

Mutanen Tamale sun san wannan magana da kyau, domin wata badaƙalar caca ce ta buɗe wa ƙungiyar Tamale City hanyar shiga gasar Firimiya ta Ghana a 2022.

Abin da ya faru a Obuasi

A watan Yulin 2021, a wasan ƙarshe na kakar, AshantiGold ta lallasa Inter Allies da ci 7-0 a garin Obuasi. Ƙwallaye biyu na ƙarshe ɗan bayan Inter Allies ne, Hashmin Musah, ya zura su a ragar ƙungiyarsa da gangan. Daga baya ya fito ya ce ya ji an shirya a tashi wasan 5-1 domin 'yan caca su kwashi kuɗi, shi ya sa ya ci gida don ya ɓata musu lissafi.

A watan Mayun 2022 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ghana, GFA, ta mayar da ƙungiyoyin biyu rukuni na uku. Ta dakatar da shugaban AshantiGold, Kwaku Frimpong, na shekara 10, ta kuma dakatar da 'yan wasa da dama, akasarinsu na shekara biyu ko fiye. Shi kansa Hashmin Musah bai tsira ba, sai dai an rage nasa hukuncin zuwa wata shida saboda shi ne ya tona asirin.

Gurbin da AshantiGold ta bari shi Tamale City ta samu, bayan ta yi nasara a wasannin cike gurbi da Liberty Professionals da Ebusua Dwarfs. Kaka ɗaya ta yi a gasar kafin ta koma ƙasa.

Su kuwa 'yan wasan da aka hukunta, ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ghana, PFAG, ta tsaya musu har zuwa Kotun Sauraron Ƙararrakin Wasanni ta Duniya, CAS, da ke Lausanne a ƙasar Suwizalan. A 2023 kotun ta soke dakatarwar 'yan wasa fiye da 20. Wannan ya nuna cewa kasancewa a fili ranar da aka sayar da wasa bai isa hujjar cewa da kai aka ƙulla ba.

Laifin ba iri ɗaya ba ne

Kalmar caca takan rufe laifuffuka uku da nauyinsu ya bambanta. Na farko shi ne ɗan wasa ya sa kuɗi a wasannin da ba ya ciki. Na biyu, ya sa kuɗi a wasan ƙungiyarsa. Na uku, kuma mafi muni, ya karɓi kuɗi ya karkatar da sakamako.

Dokokin Fifa ma sun rarrabe. 'Yan wasa da masu horarwa da alƙalai duk an hana su cacar ƙwallo, kuma wanda ya karya wannan doka zai iya shan dakatarwa har ta shekara uku. Amma wanda aka samu da shirya sakamakon wasa, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara biyar ne, kuma yana iya kaiwa haramci na har abada.

Dalilin tsananin shi ne ƙwallo ba ta da abin sayarwa sai yardar 'yan kallo. Wanda ya biya kuɗin shiga filin wasa na Aliu Mahama ya yi haka ne domin bai san yadda za a tashi ba. Ranar da ya fara zargin an gama wasan a ɗakin otel tun jiya, ba zai sake biya ba. Ko cacar da ake gani ƙarama tana da haɗari, domin ɗan wasan da bashi ya yi wa katutu shi ne masu sayen wasa suke fara nema, musamman inda albashi ba ya zuwa a kan kari.

Waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba

Ivan Toney na Ingila ya sha dakatarwar wata takwas a 2023 bayan ya amsa karya dokar caca sau 232. Ya dawo a Janairun 2024, kuma a shekarar ya buga wa ƙasarsa gasar cin kofin Turai. Sandro Tonali na Italiya ya yi wata 10 a waje, tare da sharaɗin neman magani daga jarabar caca, sannan ya koma Newcastle.

Tun kafin su akwai Paolo Rossi, wanda aka dakatar a 1980 a badaƙalar cacar ƙwallon Italiya, zargin da ya musanta har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi shekara biyu a waje, ya dawo ya ci ƙwallo shida a gasar cin kofin duniya ta 1982, Italiya ta ɗauki kofi, shi kuma ya lashe kyautar Ballon d'Or.

A Najeriya, Fifa ta haramta wa tsohon kociyan ƙasar, Samson Siasia, harkar ƙwallo har abada a 2019 bisa samun sa da amincewa ya karɓi cin hanci don shirya wasanni. Ya musanta, kuma a 2021 kotun CAS ta rage hukuncin zuwa shekara biyar, wanda ya ƙare a 2024.

Alƙalan wasa ba su sami irin wannan sassauci ba. Joseph Lamptey na Ghana ya sha haramcin har abada a 2017 saboda wasan Afirka ta Kudu da Senegal na neman gurbin kofin duniya, wanda sai da aka sake buga shi. Ibrahim Chaibou na Nijar ya gamu da irin wannan hukunci a 2019 saboda karɓar cin hanci.

Batun lambar girma

Inda wannan muhawara ta fi daɗewa shi ne Amurka, a wasan besbol. Pete Rose ne ya fi kowa yawan bugun nasara a tarihin babbar gasar ƙasar, da 4,256. A 1989 aka kore shi har abada saboda yin caca lokacin da yake horar da Cincinnati Reds, ciki har da wasannin ƙungiyarsa. A 1991 zauren karrama gwanayen wasan da ke Cooperstown ya kafa dokar cewa wanda aka kora ba zai shiga zaɓe ba. Rose ya yi ta musantawa har zuwa 2004 kafin ya amsa.

Ya rasu a watan Satumban 2024. A watan Mayun 2025 shugaban gasar, Rob Manfred, ya cire sunansa daga jerin korarru, bisa hujjar cewa mamaci ba zai iya cutar da wasa ba. Sai dai cire suna bai zama karramawa ba. Kwamitin zauren ne zai yanke, kuma ƙa'idarsa ta ce a duba gaskiya da halin mutum tare da bajintarsa.

Masu goyon bayan karramawa suna cewa tarihi ba ya gogewa, kuma abin da mutum ya yi a fili da guminsa ya yi shi. Suna kuma nuni da cewa kamfanonin caca ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi da gasa da dama, don haka akwai son kai a ɗora wa ɗan wasa laifin shi kaɗai. Masu adawa kuwa suna cewa lambar girma saƙo ce ga yara masu tasowa, kuma idan wanda ya sayar da wasa ya same ta, an koya musu cewa iya ƙwallo yana wanke cin amana.

Tambayoyi biyu ne

Musun yakan yi tsawo ne saboda ana haɗa abu biyu wuri guda. Dawowa fili magana ce ta haƙƙi da abinci: wanda aka yanke wa wa'adi ya cika shi, ko kotu ta wanke shi, babu dalilin hana shi sana'arsa, balle sana'ar da ba ta cika wuce shekara 15 ba. Lambar girma kuwa kyauta ce daga jama'a, ba bashi ba ce da ake bin su, don haka suna da damar tambaya: wane laifi ya yi cikin ukun nan, ya amsa ko sai da aka ƙure shi, kuma me ya yi bayan haka?

A gari irin Tamale, inda akasarin jama'a Musulmi ne, an san caca haramun ce, an kuma san ƙofar tuba a buɗe take. Amma yafe wa mutum daban, ba shi ajiya daban.

Shari'ar Obuasi ta bar wata tambaya da har yanzu ake jayayya a kanta. Hashmin Musah ya karya doka da ya ci gida da gangan, amma da bai yi ba, da wataƙila an tashi wasan an manta. Idan wanda ya tona asiri zai sha dakatarwa tare da waɗanda ya tona, ɗan wasan da aka yi wa tayin kuɗi gobe zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki.