Tukunyar gaz a cikin gida: abin da ya kamata a riƙa dubawa

Ƴan uwa mazauna karkara, icce ya yi nisa. Macen da ta saba samun kirare a bayan gari, yau sai ta yi tafiyar rabin yini kafin ta haɗa dami guda. Shi ya sa tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram cikin shekara ta 2011, tukunyar gaz ta yi ta shiga gidaje a Yamai, Maraɗi da Tawa, har ta kai ga manyan ƙauyukan bakin hanya. Wannan alheri ne ga dajinmu, da idanun matanmu da hayaƙi ya dame su. Amma da yawa sun sayi tukunya ba tare da wani ya gaya musu halinta ba.

Abin da ke cikin tukunya ruwa ne da aka matse da ƙarfi. Lita guda in ta fito waje, tana zama sama da lita 200 na iska mai kama wuta. Kuma gaz ya fi iskar da muke shaƙa nauyi: ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwantawa yake yi ƙasa, ya shige ƙarƙashin gado ko cikin rami. Ɗakin ƙasa mai ƴar taga guda can sama ba ya fitar da shi. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastin ashana ɗaya ya isa. Warin nan nasa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, da gangan aka saka shi don hanci ya ba mu labari.

Dubawa tana farawa tun wajen mai saidawa. Tukunyar da ta lotse, ko tsatsa ta ci gindinta, ko aka ɓalle hatimin bakinta, a bar masa abinsa. Kada kunya ta hana ku cewa a sake muku wata.

In an kawo ta gida, a duba zoben roba na wajen da murhu yake haɗuwa da tukunya. Ɗan abu ne mai araha, amma in ya bushe ko ya tsage, ta nan gaz yake zurara. Masu tukunyar kilo 6 da ake ɗaura murhu bisa kanta, su ɗaura da hannu har ya zauna daidai, ban da bugu da dutse ko guduma. Daga nan a dama sabuni da ruwa ya yi kumfa, a shafa a mahaɗin. In kumfa yana kumbura yana fashewa, akwai yoyo. Na taɓa ganin wani magidanci yana kewaya bakin tukunya da ashana a kunne, wai yana neman inda take yoyo. Allah ya kiyaye ranar, amma wannan ganganci ne. Gwajin sabuni za a yi duk lokacin da aka sauya tukunya.

Masu babbar tukunya ta kilo 12 suna da ƙarin aiki, wato tiyo. A sayi wanda aka yi don gaz, ba na ban ruwan garka ba. Galibi akwai shekarar da zai daina aiki a rubuce jikinsa. In ba mai karatu a gidan, a nuna wa ɗan makaranta. Zafin ƙasarmu yana busar da roba da wuri, ɓera ma yana gaigayarta. Saboda haka sau ɗaya a wata a lanƙwasa tiyo a gani. In ya nuna tsaga, a sake sabo, kada a naɗe shi da tsumma ko robar keke.

Harshen wuta ma yana magana. Shuɗi shi ne lafiya. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunyar miya, ƙofofin murhu sun toshe da ƙura ko tuwon da ya zube. A kashe, a bari ya huce, a goge da ɗan buroshi. Irin wannan wuta tana ɓarnar gaz, kuma tana fitar da wata guba marar wari marar launi, wadda ke sa ciwon kai da jiri, har mutuwa cikin barci. Gubar nan ce garwashi yake fitarwa a ɗaki rufe. Don haka lokacin ɗari, komi hunturu, kada a kunna murhu don jin ɗumi a rufe ƙofa.

Tukunya tsaye take zama, cikin inuwa, nesa da murhun icce da hannun yara. In ta kusa ƙarewa, kada a kwantar da ita ko a kanga ta ga wuta don a tatse saura. Juye gaz daga wata tukunya zuwa wata kuwa, aikin masana'anta ne. Wajen kunnawa, a ƙyasta ashana tukuna sannan a buɗe. In an gama girki, a rufe daga kan tukunya.

To, in aka shiga ɗaki aka ji wari fa? Uwargida, kada ki kunna komi, ko fitila ko makunnin lantarki. Ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara, a kai tukunyar fili. In wuta ta riga ta kama kuma hannu ba zai kai ga makulli ba, kowa ya yi nisa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Wanda ya ƙone, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta kamar minti 20, ban da shafa manja, toka ko ƙwai, sannan a kai shi likita.