Motar Da Ta Tsani Ranar Litinin

Ga kacici-kacici, mai karatu, gyara zama. Mota ce lafiyayya, ba ta tari, ba ta hayaƙi. Talata da safe ana murɗa makulli take tashi. Laraba haka, Alhamis haka, Juma'a haka. Amma ranar Litinin, ko wuni za ka yi kana murɗawa, ba abin da za ka ji sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su yi ja su dushe. Mota dai ba ta duba kalanda. To wa ke gaya mata yau Litinin?

Motar yayana ce, Hamma, mazaunin Namtari da ke ƙaramar hukumar Yola ta Kudu a kan hanyar Numan, wurin aikinsa kuma Jimeta. Beljiyam ce da ta yi zama a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa, amma a gidanmu sabuwa ce fil, don ledar da dillali ya rufe kujeru da ita ma ba a yaye ba. A makon da ya saye ta ya sa aka liƙa mata kyamarar ɗaukar hanya a bayan madubin tsakiya, da wata ƙarama a gilashin baya. Duk wanda ya san hanyar nan ya san dalili: tireloli, motocin shanu masu zuwa kasuwar Ngurore, ga 'yan Keke Napep in an shiga Jimeta. In aka yi gogayya, mai ƙarfin murya ne ke da gaskiya, sai fa in akwai hoto. Mutanen Rasha sun daɗe da gane haka, shi ya sa ranar 15 ga Fabrairu 2013, da wani dutse ya faɗo daga sama ya tarwatse a kan birnin Chelyabinsk, kyamarorin motocin masu sammakon zuwa aiki ne suka nuna wa duniya shi.

Hamma bai zuba kuɗi masu yawa ba, amma ya yi zaɓi na hankali. Ya guji mai batirin waya a ciki, domin a Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, irin wannan batir sai ya kumbura. Ya ɗauki mai kafasita, wadda ke riƙe wutar 'yan daƙiƙu kawai don ta adana hoton ƙarshe. Ya tabbatar tana nuna lambar mota sarai, ya sa mata memori mai jure yawan gogewa, ba irin na bogi da ake rubuta wa 128 alhali cikinsa bai kai kwata ba. Ka ajiye wannan a gefe. Mu koma ga marar lafiyarmu.

Wanda aka fara tuhuma shi ne batir, kuma ba a zalunce shi ba. Ya tsufa, ya sha zaman tashar jirgin ruwa, sannan ya faɗo cikin zafin da ke dafa batir da ransa. Bakanike ya dube shi, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ai ya gama aiki. A canja."

Aka canja. Sabo dal, mai ɗaukar amfiya 60. Litinin ta zo, mota ta tashi garau, Hamma ya kira ni yana dariya ya ce an kama ɓarawo. Wata Litinin ta zo, ta tashi, amma da ɗan nishi. Ba a jima ba, wata safiyar Litinin, sai ga kiransa tun ban karya kumallo ba.

"Ƙanina, ta sake."

To in ba batir ba ne, sai mai ba shi abinci. Altaneta ce ke cajin batir in inji na aiki. In ta gaza, ko sabon batir ka sa, mutuwa zai yi. Muka jona mata wuta da motar maƙwabci, muka nufi Jimeta wurin mai wayarin mota. Ya ɗora mitarsa a kan kawunan batir, inji na ruri. Lafiyayyar altaneta takan ba da tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.4. Mita ta tsaya a 14.2. Ya kunna fitilu, ya kunna na'urar sanyaya, allurar ba ta yi wani motsin kirki ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ta da laifi."

Ya so mu bar masa motar ya bi ta waya-waya, amma Hamma ya makara, ga layin motoci a gabanmu. Muka tafi. Da mun tsaya ran nan, da labarin bai yi tsawo haka ba, kuma da wani bawan Allah bai sha zargi ba. Zan zo kansa.

Na uku a jerin, fitilar da ba ta mutuwa. Akwai ta but, akwai ta akwatin takardu, in maɓallinsu ya lalace sai su kwana a kunne ba wanda ya sani, tunda da ka buɗe don ka duba, dama kunnawa ya kamata su yi. Dabarar mai sauƙi ce. Na sa wayata a kan ɗaukar bidiyo, na ajiye ta a but, na rufe. Na buɗe, na duba. Haske, sannan duhu ƙirin. Akwatin takardu ma haka. Duhu.

A nan maganganu suka fara yawa a gida. Goggonmu ta ce a yi sadaka, idon mutane ba ya barin sabon abu. Hamma ya yi sadakar, wadda ba ta taɓa zama asara, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ce ya lissafa mini Litinin ɗin da motar ta tashi ba gardama tun bayan da ciwon ya dawo. Ya yi shiru, ya ce guda ɗaya ce. Me ya faru a makon? Ranar Asabar ya kai iyali ɗaurin aure Numan, ya dawo da yamma.

Ka ji? Sauran makonni, daga dawowa masallacin Juma'a yake kafe ta a ƙarƙashin rumfa. Asabar da Lahadi na gona ne, da ƙafa yake zuwa. Ashe ba ruwan motar da sunan rana. Tsawon zama ne ke kashe ta. Wani abu na tsotsar wuta a hankali, dare da rana, in aka ba shi kwana ɗaya ba ya gamawa, in aka ba shi kusan uku sai ya ƙarasa. Wani abu, ko kuwa wani mutum?

Ido ya koma kan babban ɗan Hamma, saurayi ɗan sakandare. Hujjojin sun yi masa yawa. Ya san inda makulli na biyu yake. Yana son sauraron ƙwallo a rediyo. In an ɗauke wuta, wayarsa ba ta rasa caji, ba a kuma san inda yake samu ba. Hamma ya kira shi bayan Magariba.

"Kai ne ke shiga motar nan da dare?"

"Wallahi Baba ban taɓa ba."

"To aljanu ne ke shan batirin?"

Yaron ya sunkuyar da kai, idonsa ya ciko. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don na san shi, ba maƙaryaci ba ne. Amma rantsuwa ba ta tayar da mota. Litinin ta sake zuwa, mota ta sake ƙi, gida ya yi tsami. Sai na tuna muna da mai shaida. Motar tana fuskantar ƙofar gida, kyamarar kuma tana ɗaukar murya. In wani ya buɗe ƙofa, za a ji. Na ce, "Hamma, a ciro memorin."

Muka sa shi a kwamfuta, mu uku, har da wanda ake tuhuma. Fayiloli jere, kowane na minti uku. Na buɗe na farko. Daren Lahadi, bayan Isha'i. Bangon gida. Ƙofa a rufe. Na buɗe na gaba. Bango. Ƙarfe goma sha ɗaya: wata akuya ta gifta. Sha biyu: kukan gyare. Ɗaya. Biyu. Kyanwa a kan katanga. Uku. Babu kowa. Kiran sallar Asuba daga nesa. Hamma ya fito da buta, ya wuce ta gaban motar. Gari ya waye. Ba wanda ya taɓa ƙofa.

Hamma ya sauke numfashi, ya dafa kafaɗar ɗansa. Ya ce to an koma gidan jiya ke nan, babu ɓarawo, babu shaida. Yaron ne, yana share ido, ya yi tambayar da murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, makulli yana ɗakinka. To wa ya kunna ta take ɗaukar akuya?"

Ɗakin ya yi tsit.

Dakata a nan, mai karatu, ka sake kallon abin da muka kalla. Mun zuba ido muna neman mutum a cikin hoton, alhali samuwar hoton kanta ita ce amsar. Kowane fayil na minti uku, wuta aka sha aka yi shi. Kyamara mai kafasita ba ta da rumbun kanta. Duk daƙiƙar da ta yi a farke, daga batirin mota take ci. Wadda muka kira ta ba da shaida ta zo da takardun laifinta a hannu, ɗauke da kwanan wata da lokaci a ƙasan kowane hoto. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Nan take wani ƙorafin Hamma ya dawo mini. Ya taɓa cewa kyamarar na cinye hotuna: wata Juma'a ya ɗauki wata tirela da ta kusa ture shi, ranar Litinin ya nema ya rasa. Dole ya rasa. In memori ya cika, kyamara takan goge tsohon hoto ta ɗora sabo. Ta goge tirela ta ɗora bango.

Amma yaya aka yi ta ɓuya? Abu biyu suka rufa mata asiri. Allonta yakan mutu da kansa bayan ɗan lokaci don kada ya ɗauke hankalin direba, ɗan ɗigon hasken da ke nuna tana aiki kuma madubi ya kare shi. Na biyu ya fi wayo. Hamma ya sha ganin cajar wayarsa na mutuwa da zarar ya zare makulli, sai ya ɗauka duk soket ɗin motar haka suke. Muka bi wayar kyamarar da yatsa: ta rufi, ta gangaro ta gefen gilashi, ta bi ƙarƙashin kafet, ta shige akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Wanda ya ɗaura ta ya so aiki ya yi tsaf, ya ɓoye fulogin a can. Na haska murfin soket ɗin da fitilar waya. Ga ɗan ƙaramin hoton batir a jiki. Na leƙa na gaba, wanda cajar waya ke ciki: hoton makulli. Wasu motocin Amurka haka suke rarrabewa. Mai makulli yana bin makulli. Mai batir ba ya barci.

Muka koma wurin mai wayarin, wannan karon ba gaggawa. Ya kwance kan batir na baƙar waya, ya ratsa mitarsa a tsakani, ya rufe ƙofofi, ya ce mu jira kwamfutocin motar su yi barci, don motar zamani takan ɗauki mintuna kafin ta lafa. Motar da ke kashe bai kamata ta ja fiye da amfiya 0.05 ba. Mita ta nuna 0.48. Ya miƙa hannu ya zare fulogin. 0.03.

Lissafin kuwa ko ɗan firamare zai yi. Amfiya 0.45 ne rabon kyamarar. Daga biyu da rabi na ranar Juma'a zuwa bakwai da rabi na safiyar Litinin awa 65 ne. Ka ninka, ka sami wajen 29, kusan rabin batirin ke nan, in ma a cike yake. Ba kuwa ya cika, don tafiyar Namtari zuwa Jimeta ba ta da nisan da altaneta za ta mayar da abin da aka sha da dare da kuma wunin ofis. Randa ce mai tsiyaya da ake zuba mata kofi-kofi: kowane mako da ƙasa take farawa. Tafiyar Numan ce kawai ta taɓa katse zaman, ta ƙara mata ruwa sosai.

Hamma ya nemi afuwar ɗansa a gaban mahaifiyar yaron da ƙannensa, inda aka yi zargin, kuma na ji daɗin hakan fiye da gano soket ɗin. Cajin wayar yaron ma ya fito fili: wani abokinsa ne ke da sola.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da fulogin soket mai bin makulli. Wanda bai ga alama a murfi ba, ya sa cajar waya mai ɗan haske, ya kulle mota, ya dawo bayan rabin awa ya leƙa, domin wasu motocin sai sun jima suke yanke wutar. Ramin USB na jikin rediyo kuwa sau da yawa wutarsa ba ta isar kyamara, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Amma Hamma yana son ta yi masa gadi in ya ajiye mota a bakin kasuwar Jimeta, don haka aka sayo wayar haɗi mai rassa uku: ɗaya zuwa fis mai bin makulli, ɗaya zuwa fis mai wuta kullum, baƙar kuma a ɗaure ta a ƙarfen mota. A tsakiyarta akwai ɗan akwati mai auna ƙarfin batir, yana yanke wa kyamara wuta in ya ga an yi ƙasa. Na dage kada a yanka ko waya ɗaya ta motar, a yi amfani da ɗan fulogin da ke shiga ramin fis, kada a kusanci fis ɗin jakar iska ta kariya, kada kuma waya ta gitta gaban jakar da ke gefen gilashi, don ranar haɗari igiya ce za ta zama.

Akwatin yana da matakai: 11.8, 12.0, 12.2, 12.4. Cikakken batir a zaune 12.6 yake nunawa. Mai wayarin ya ce na Hamma, duk da sabuntarsa, ya riga ya sha wuya, domin batirin mota in ya yi ƙasa warwas sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Ya tura maɓallin da ƙusar yatsa zuwa 12.4. Kyamarar za ta yi gadin 'yan awanni ta kashe kanta, ta bar wa sitata rabonsa.