Tawadar Allo da ta Takarda: Shin Marubuci na da Ikon Goge Abin da ya Rubuta?

A kowace makarantar allo, daga Bodinga har Shagari, da zarar almajiri ya hardace karatunsa sai ya wanke allo, ya sake sabon rubutu. Asirin abin yana cikin tawada. Ta allo, baƙin gawayi ne ko na kunkunniya ake haɗawa da ƙaro. Ƙaron ne ke liƙe baƙin a kan itace, shi kuwa ƙaro ruwa na narkar da shi. Tawadar bagaruwa da ake rubuta littattafai da ita daban take. Sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa yakan haɗu da ƙarfe, ya ratsa zaren takarda ya zauna, ba ya fita sai an kankare.

To amma ko an kankare, me za a yi da kofen da ɗalibai suka riga suka juya, suka tafi da shi garuruwansu? Wannan matsala ta taɓa fuskantar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Sifawa, kusa da Bodinga, daga wajen 1810 zuwa 1815. A wa'azinsa da waƙoƙinsa na farko ya sha nuna cewa lokacin bayyanar Mahadi ya gabato, bisa dogaro da lissafin malamin Masar, Jalaluddini Suyuɗi. Da ya zurfafa bincike, sai ya gane cewa babu tabbataccen sani game da lokacin. Maganar kuwa ta riga ta bazu. Saboda haka a littafinsa Tahziril Ikhwani, wanda ya rubuta wajen 1814, ya ambaci abin da ya faɗa a da, ya bayyana madogararsa, sannan ya janye shi a fili.

Tafarkin da kimiyya ke bi ke nan a yau. A 1998 mujallar likitoci ta Ingila, The Lancet, ta buga wani bincike da ya danganta allurar rigakafin ƙyanda da larurar galahanga a jikin yara. Iyaye da yawa suka tsorata, suka ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda ta sake yaɗuwa. Daga baya aka tabbatar binciken ba shi da tushe, mujallar ta janye shi a 2010. Duk da haka ba ta shafe shi ba. An bar shi a ma'ajiyarta da tambarin janyewa a kansa, domin duk wanda ya ci karo da shi ya san hukuncin da aka yanke masa.

Ke nan rubutun da bai bar hannun mai shi ba tamkar allo ne, yana iya wanke shi. Amma wanda jama'a suka karanta, suka yi aiki da shi, gogewa a ɓoye ba ta warkar da ɓarnarsa, domin kofen da ke hannun mutane zai ci gaba da yawo ba tare da gyara ba. Magana zarar bunu ce, in ji masu iya magana. Abin da ya rage wa marubuci na ƙwarai shi ne ya fito ya ce ya yi kuskure, ya ajiye gyaran kusa da kuren.