Bunƙasar Cibiyar Nazarin Cutar Ƙanjamau a Nijeriya

Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda wata cibiyar bincike ta girma har ta zama madogara ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, watau cutar nan mai karya garkuwar jiki.

A 1986 ne aka fara ba da sanarwar ɓullar cutar a Nijeriya. Binciken da aka yi a 2001 a wuraren awon ciki ya nuna cewa kashi 5.8 cikin ɗari na matan da aka gwada suna ɗauke da ita. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ba manya 10,000 magani a cibiyoyi 25, amma wannan bai kai ko cikin cokali ba.

Al'amari ya sake a 2003, sa'ad da Shugaba George W. Bush na Amurka ya ƙaddamar da shirin PEPFAR, wanda aka yi wa alkawarin dala biliyan 15 cikin shekara biyar. Da wannan tallafi ne Institute of Human Virology Nigeria ta soma aiki a 2004, da hedkwata a Abuja. Tushenta wata cibiya ce ta Jami'ar Maryland da ke Baltimore, wadda Robert Gallo da abokan aikinsa suka kafa a 1996. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin wuraren da ta yi aiki tun farko.

Dalilin haɗa bincike da jiyya kuwa shi ne, maganin ba ya kawar da ƙwayar, danne ta kawai yake yi. Tilas a riƙa auna yawanta a jini, domin idan majiyyaci yana tsallake sha, sai ta bijire wa maganin. Saboda haka cibiyar ta duƙufa wajen kafa ɗakunan gwaji da horar da ma'aikata. Daga bisani aikinta ya haɗa da tarin fuka, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau.

Babban binciken ƙasa na 2018, wanda aka bi gida-gida, ya sami kashi 1.4 cikin ɗari tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, ko da yake hanyar ƙidayar ta bambanta da ta 2001.

To, amma akwai sauran rina a kaba. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje domin ta sake dubawa, aka kuwa ga haɗarin dogara da aljihun wani. Maganin nan shan yau da kullum ne har ƙarshen rai. Ashe ke nan ma'aunin bunƙasar irin wannan cibiya shi ne manomin Gandi, a ƙaramar hukumar Rabah, ya sami gwaji da magani kusa da gida, cikin sirri, ba tare da yankewa ba. Wannan nauyi yana wuyan masu tsara kasafin kuɗin lafiya na tarayya da na jihohi.