Maguɗin Jini a Tseren Keke da Abin da Ya Haifar

Gasar Tour de France, wadda aka fara a shekarar 1903, ita ce mafi girma a tseren keke na ƙwararru, kuma wanda ya shige ta yakan shafe makonni uku yana murza feda kusan kullum, ya ci tafiyar da ta haura kilomita 3,000, wani sashe a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wani sashen kuma a kan duwatsun Alps da Pyrenees, inda hawa ɗaya kan ɗauki kusan sa'a guda babu sassauci. A irin wannan aiki, abin da ke raba gardama tsakanin na gaba da na baya shi ne yawan iskar oksijin da jini ke iya kaiwa ga tsokar ƙafa, kuma tunda jajayen ƙwayoyin jini ne ke dakon wannan iska daga huhu, duk wanda ya samu hanyar ƙara yawansu ya samu fifikon da atisaye kaɗai ba zai ba abokin karawarsa ba. A kan wannan ne aka gina maguɗin da ya mamaye wasan daga farkon shekarun 1990, maguɗin da ɗakunan gwaji suka daɗe suna binsa a baya, har sai da jami'an kwastan da 'yan sanda da wasu 'yan tseren da suka gaji da shiru suka fasa ƙwan.

Shan abin ƙara kuzari ya girmi wannan zamani nesa ba kusa ba. Tun a 1924 'yan'uwan nan biyu, Henri da Francis Pélissier, suka nuna wa ɗan jarida Albert Londres hodar iblis da ƙwayoyin da suke tafiya da su, sannan ranar 13 ga Yulin 1967 ɗan Birtaniya Tom Simpson ya yanke jiki ya faɗi a kan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi ya mutu, aka kuma samu ƙwayar amfetamin a jikinsa. Sai dai waɗannan ƙwayoyi ɓoye gajiya kawai suke yi, ba sa mayar da matsakaicin ɗan tsere zakara.

Abin da ya sauya lissafi shi ne EPO, wani sinadari da ƙoda ke samarwa domin ya umarci ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wanda masana suka kwaikwaya a masana'anta don jinyar masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin jini, aka kuma amince da shi a Amurka a 1989. A jikin namiji mai lafiya, jajayen ƙwayoyin sukan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na jini, amma da allurar EPO ana iya tura adadin ya wuce haka sosai, sai jinin ya yi kauri kamar kunun da ya sha iska, zuciya ta riƙa wahala wajen harba shi, musamman da dare lokacin da bugunta ke raguwa. Kusan shekara goma babu gwajin da ke iya bambance na allura da wanda jiki ya samar, don haka a 1997 hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta kafa dokar cewa duk wanda jininsa ya haura kashi 50 za a dakatar da shi na makonni biyu da sunan kare lafiyarsa. Dokar ta rage haɗari, amma a aikace ta zama tamkar izini, domin ƙungiyoyi sun sayi ƙananan na'urorin auna jini suna tsayar da 'yan wasansu dab da iyaka, idan kuma aka ji ƙishin-ƙishin zuwan masu gwaji sai a yi wa mutum ƙarin ruwa don jinin ya tsinke. Wanda Allah ya halitta da kashi 42 yana da filin ƙari mai faɗi, wanda aka haifa da 48 kuwa ba shi da shi, wato ko a tsakanin masu maguɗin ma babu adalci, kuma wannan ya isa ya rushe hujjar masu cewa ai kowa yana sha, saboda haka gwanin ne dai ya ci.

Ranar 8 ga Yulin 1998, kwana uku kafin a fara gasar wannan shekara, jami'an kwastan na Faransa suka tare wata mota a kan iyakar ƙasar da Beljiyam, wadda Willy Voet, mai yi wa 'yan wasan ƙungiyar Festina tausa da hidima, yake tuƙawa, suka tarar da ɗaruruwan kwalaben EPO da sinadarin ƙara girman jiki da sauran haramtattun magunguna. Daraktan ƙungiyar, Bruno Roussel, ya amsa cewa da sanin shugabanni da kulawar likita ake rabon, kuma an gano cewa akwai asusun da ake cire kuɗin sayen kayan daga ladan 'yan wasan. Aka kori ƙungiyar, 'yan sanda suka shiga otal-otal suna bincike, 'yan tsere suka zauna dirshan a kan titi don nuna fushi, kuma cikin mutum 189 da suka fara, 96 ne kacal suka isa birnin Paris. Wannan abin kunya ne ya kai ga kafa hukumar yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari ta duniya, WADA, a watan Nuwamban 1999.

Masu shirya gasar sun so ta 1999 ta zama sabon shafi, sai ga shi ta zama farkon mulkin Lance Armstrong, Ba'amurken da ya warke daga ciwon daji wanda ya kama shi a 1996, ya dawo ya lashe gasar sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Labarinsa ya yi daɗin da kamfanoni da gidajen talabijin da ita kanta hukumar wasan ba su da sha'awar tona shi, kuma amsarsa ga duk mai tuhuma ita ce an gwada shi sau ɗaruruwa ba a kama shi ba. Bayanan da abokan tafiyarsa suka bayar daga baya sun nuna dalilin hakan. Da aka samar da gwajin fitsari mai gano EPO a shekarar 2000, likitan nan ɗan Italiya Michele Ferrari ya ba da shawarar a riƙa yin allurar kaɗan-kaɗan ta jijiya da dare, yadda kafin gari ya waye alamarta ta gushe, sannan aka koma wa tsohuwar dabarar ƙarin jini, inda ake ɗibar jinin ɗan wasa makonni kafin gasa a adana a firji, jiki ya mayar da gurbin abin da ya rasa, a tsakiyar gasar kuma a mayar masa da nasa. Floyd Landis, ɗaya daga cikin abokan tafiyar Armstrong, ya ba da shaidar cewa a 2004 an taɓa tsayar da motar ƙungiyar a gefen wata hanya, direba ya yi kamar inji ne ya lalace, alhali a ciki 'yan wasa na kwance ana ɗura musu jini.

Dabarun likita kaɗai ba za su rufe wannan asiri na tsawon shekaru ba, sai da aka haɗa da tsoro. Christophe Bassons, Bafaranshen da abokansa na Festina da kansu suka shaida cewa ba ya taɓa komai, ya riƙa rubutu a jaridar Le Parisien a lokacin gasar 1999 yana cewa ba abin da ya sauya, sai Armstrong ya matso kusa da shi ana tsakar tsere ya nuna masa cewa maganganunsa na cutar da wasan, sauran ayarin suka juya masa baya, ya fice daga gasar, kuma bayan shekara biyu ya bar sana'ar yana da shekara 27. A 2004 Filippo Simeoni, wanda ya ba da shaida a kotu a kan Ferrari, ya yi yunƙurin shiga sahun gaba a wani zango, sai Armstrong, wanda ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa kuma ba shi da abin da zai rasa a ranar, ya bi shi da kansa har ya tilasta masa komawa baya, daga bisani ya ja yatsa a kan leɓensa a gaban kyamara, alamar kowa ya kama bakinsa. Emma O'Reilly, tsohuwar mai yi wa Armstrong tausa wadda ta faɗi abin da ta gani, ta sha ƙara a kotu da ɓatanci, jaridar Sunday Times kuwa, inda ɗan jarida David Walsh ya daɗe yana bin diddigin lamarin, sai da ta biya Armstrong kuɗi a 2006 don a sasanta.

A watan Mayun wannan shekarar ne jami'an tsaron Sifaniya suka kai samame wuraren da likita Eufemiano Fuentes ke aiki a Madrid, suka samu jakunkunan jini kimanin 200 masu ɗauke da sunayen ɓoye, abin da ya sa aka hana 'yan tsere Jan Ullrich da Ivan Basso shiga gasar Tour de France ana gobe farawa. Landis, wanda ya lashe ta, an ƙwace kambunsa saboda sinadarin testosteron, shi ne kuma a 2010, bayan shekaru yana musu, ya fallasa tsohuwar ƙungiyarsa. A watan Oktoban 2012 hukumar yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari ta Amurka, USADA, ƙarƙashin Travis Tygart, ta fitar da hujjoji masu shafuka sama da 1,000 da shaidar mutum 26, waɗanda 11 daga cikinsu tsofaffin abokan tseren Armstrong ne, aka soke nasarorinsa, aka haramta masa wasa har abada, shi kuma ya amsa laifinsa a hirarsa da Oprah Winfrey a Janairun 2013.

Asarar kuɗi ita ce ta fara bayyana. Nike da sauran kamfanoni sun yanke hulɗa da Armstrong, aka karɓe lambar tagullar da ya samu a wasannin Olamfik na Sydney, kuma a 2018 ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 5 don kashe ƙarar da ta taso daga kuɗin da hukumar gidan waya ta zuba a ƙungiyarsa. Kamfanin T-Mobile ya janye daga wasan a 2007, shekarar da tashoshin ARD da ZDF na Jamus suka katse nuna gasar ana tsakiyarta, bankin Rabobank na Holan ma ya bi sahu a 2012 bayan shekara 17, kuma a duk lokacin da irin haka ta faru makanikai da direbobi da ƙananan 'yan wasa ne ke fara shiga halin rashin tabbas. Gurbin zakara na shekaru bakwai ɗin nan kuwa an bar shi wayam a kundin gasar, domin rahoton USADA ya nuna cewa 20 cikin gurabe 21 na ɗaya zuwa na uku a waɗannan shekaru suna hannun mutanen da aka danganta da maguɗi. Ita ma UCI ba ta fita da tsabta ba, tunda kwamitin bincike mai zaman kansa ya bayyana a 2015 cewa shugabanninta sun yi wa Armstrong gata, har sun karɓi takardar likita da aka rubuta bayan an samu sinadarin kotizon a fitsarinsa a 1999, duk da cewa kwamitin bai samu hujjar cin hanci ba.

Gyara mafi ma'ana shi ne fasfon jini da aka ƙaddamar a 2008, wanda maimakon neman maganin kansa, yake tara sakamakon gwajin kowane ɗan wasa a tsawon lokaci, ta yadda duk hawa ko saukar da ba ta dace da ɗabi'ar jikinsa ba za ta zama hujja. An kuma wajabta wa ɗan wasa ya riƙa sanar da inda yake kowace rana don a iya yi masa dirar ba-zata, ana adana samfurin jini da fitsari har shekara goma, sannan tun 2021 aka miƙa aikin gwajin ga wata hukuma mai zaman kanta. An hana tramadol a lokacin gasa tun 2019, wato ƙwayar nan da ta addabi matasa a Afirka ta Yamma, kuma a kanta aka soke sakamakon Nairo Quintana na 2022. Duk da haka, badaƙalar da ta fashe a 2019, wadda ta kai likitan Jamus Mark Schmidt gidan yari, ta samo asali ne daga ikirarin wani ɗan wasan zamiyar ƙanƙara a talabijin da samamen 'yan sanda, alhali wasu 'yan tseren keken da yake ɗura wa jini suna ƙarƙashin tsarin fasfon.

Hukuncin ma bai faɗa wa kowa daidai ba. Yawancin abokan Armstrong da suka ba da shaida dakatarwar wata shida suka samu, Alexandre Vinokourov da aka kama da ƙarin jini a 2007 ya dawo ya ci zinare a Landan a 2012 sannan ya zama manajan ƙungiya, yayin da Marco Pantani, zakaran 1998 wanda aka kora daga gasar Italiya a 1999 saboda jininsa ya haura iyaka, ya mutu shi kaɗai a ɗakin otal a Rimini a Fabrairun 2004 sakamakon hodar iblis. Shi kuwa Fuentes, tunda Sifaniya ba ta da dokar da ta mayar da irin wannan maguɗi laifi a lokacin samamen, da jefa lafiyar jama'a cikin haɗari kawai aka tuhume shi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2016. Kotun ta ba da umarnin a miƙa jakunkunan jinin ga hukumomin wasanni, amma a lokacin wa'adin hukunta masu su ya riga ya wuce, don haka ba a bayyana sunayen mafi yawansu ba.